Nutso a ƙarƙashin ruwa: Yadda ake yinsa, haɗurransa, da dalilin da ya sa Kebbi ke buƙatar ƙwararrunsa

Nutso shi ne mutum ya shiga ƙarƙashin ruwa da gangan, ya ɗauki wani lokaci yana aiki ko bincike ko kallo, sannan ya fito. Iri biyu ne manya. Akwai nutson riƙe numfashi, wanda masunta suka gada kaka da kakanni, inda iskar da mutum ya shaƙa kafin ya nutse ita kaɗai ce jarinsa. Akwai kuma nutso da tukunyar iska, wanda aka fi sani da sukuba, inda mai nutso ke goya iskarsa a baya yana shaƙa.

A ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya, nutso da tukunya sana'a ne kuma wasa ne, har ana nutsar da tsofaffin jiragen ruwa da gangan domin su zama gidan kifi da wurin yawon buɗe ido. A Jihar Kebbi kuwa, ba a cika tunawa da masu nutso ba sai a lokuta biyu: ranar gasar Argungu, da ranar da kwale-kwale ya kife.

Gadon nutso a ƙasar Kabi

Duk da cewa Kebbi ba ta da teku, ruwa ya ratsa ta ta kowace fuska. Kogin Neja ya shigo ta yamma ya gangara ta Yauri, gulbin Rima ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, gulbin Zamfara ya ratsa ta Jega, ga kuma gulbin Ka. Mazauna garuruwa da ƙauyukan wannan yanki, tun daga Gehuru da Jega har zuwa Aliero da Maiyama, rayuwarsu na da alaƙa da fadamu da gulabe, ko dai ta hanyar noman shinkafa da albasa, ko su, ko ƙetare ruwa zuwa gona da kasuwa idan damina ta yi nisa.

Inda ruwa ya yawaita, dole a samu ma'abotansa. Sarkawa sun yi suna wajen su da sarrafa kwale-kwale, haka ma Gungawa na ƙasar Yauri. A garuruwan bakin gulbi akwai sarautar Sarkin Ruwa, wanda bisa al'ada shi ke kula da lokutan su, kuma shi da mutanensa ake nema idan ruwa ya ci wani.

Bikin kamun kifi na Argungu ne ya fito da wannan gwaninta idon duniya. Ana danganta farkonsa a siffar da aka sani a yau da shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan dogon zamani na gaba. Baya ga babbar gasar da ake yi a Matan Fada da homa da gora, akwai wasannin kabanci, waɗanda suka haɗa da tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, da gasar nutso. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da suka zama gadon bil'adama. A wannan shekarar ce kuma ta sanya al'adar matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda ke nutso cikin teku mai sanyi har zurfin mita goma ba tare da tukunyar iska ba domin tsinto abincin ruwa.

Iyakar riƙe numfashi

Jikin ɗan Adam yana da wata dabara ta halitta. Da zarar fuska ta shiga ruwa, musamman mai sanyi, bugun zuciya na raguwa, jijiyoyin hannu da ƙafa su tsuke, jini ya karkata zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Da horo da sabo, mutum na iya ƙara tsawon lokacin da yake yi a ƙasa. Sai dai komai ƙwarewar masunci, aikin da zai iya yi a nutso guda bai wuce na minti ɗaya ko biyu ba, kuma cikinsu ne zai sauka, ya lalube, ya dawo.

Babban haɗarin wannan nau'i shi ne suma a cikin ruwa. Abin da ke sa mutum ya ji yana matuƙar son numfashi shi ne taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa. Idan mai nutso ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, kamar yadda yara ke yi idan suna gasa a kududdufi, yana kawar da wannan gargaɗi ne, alhali iskar oksijin da ke jininsa ba ta ƙaru sosai ba. Sai oksijin ɗin ya ƙare bai ji komai ba, ya sume. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa idan ta rasa oksijin na minti huɗu zuwa shida. Saboda haka ne ƙa'idar farko a kowane irin nutso ita ce kada mutum ya shiga shi kaɗai.

Yadda tukunyar iska ke aiki

Na'urar da ta sauƙaƙa nutso na zamani ta fito ne a 1943, daga hannun Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Abin da suka ƙera shi ne madaidaicin iska, wanda ke sakin iska daga tukunya a duk lokacin da mai nutso ya ja numfashi, kuma daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi.

Mutane da yawa na zaton oksijin zalla ne a cikin tukunyar. Iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, wato kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin, an dai tace ta an matse. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana da girman lita 11 zuwa 12, kuma ana cika ta har matsinta ya ninka na iskar sarari kimanin sau 200. Sauran kayan sun haɗa da tabarau mai rufe ido da hanci, takalman iyo masu faɗi, rigar da ake hura wa iska domin daidaita tashi da sauka, dalma mai nauyi da ake ɗaurawa a ƙugu, da agogo ko ƙaramar kwamfuta mai nuna zurfi da lokaci.

Duk ilimin nutso ya rataya ne a kan matsi. A kowane zurfin mita goma, ruwa na ƙara wa jiki nauyi kwatankwacin na dukkan iskar sararin samaniya. A mita goma, iska na tsukewa zuwa rabin girmanta. A mita talatin, tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka mai nutso ke shanye tukunyarsa da saurin da ya ninka na saman ruwa sau huɗu.

Daga nan ne manyan haɗurra uku ke tasowa. Na farko, idan mutum ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar za ta kumbura ta yaga huhunsa. Na biyu, daga wajen mita talatin naitirojin na fara juya hankali kamar abin maye, mutum ya kasa yanke shawara mai kyau. Na uku shi ne ciwon saurin tasowa. A ƙarƙashin matsi naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka taso da gaggawa sai ya fito a matsayin kumfa, kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza. Kumfar na haddasa ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki ko mutuwa, kuma maganinta shi ne a saka mutum cikin ɗakin ƙarfe mai matsi a riƙa rage matsin a hankali. Masanin Birtaniya John Scott Haldane ne ya fitar da jadawalin farko na tasowa daki-daki a 1908.

Dalilin haka ne makarantun nutso ke taƙaita sabon ɗalibi a mita 18, kuma ba su yarda mai nutson nishaɗi ya wuce mita 40 ba. Ana kuma koyar da tasowa a hankali tare da dakatawa na minti uku a zurfin mita biyar.

Labarin Harrison Okene ya nuna yadda wannan ilimi ke ceton rai. A watan Mayun 2013 jirgin jan kaya mai suna Jascon 4 ya kife a tekun Najeriya, ya sauka zurfin kusan mita 30. Okene, wanda shi ne mai dafa abinci a jirgin, ya rayu kimanin sa'o'i 60 a wani lungu da iska ta maƙale, kuma shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12. Masu nutson da suka je ɗauko gawarwaki suka same shi da rai. Ba su fito da shi kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya cika da naitirojin, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin rage matsi. Daga baya shi ma ya koyi aikin nutso.

Sanyi

Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi kimanin sau 25. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Selshiyos, mutum ya shiga haɗari: makyarkyata, mutuwar yatsu, ruɗewa, daga nan sai suma. A ruwan da bai kai digiri 15 ba, faɗawa kwatsam kaɗai kan sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da niyya ba, ya shaƙi ruwa.

Masu nutso a ƙasashen sanyi na kare kansu da riga iri biyu. Akwai ta roba mai kauri wadda ke barin ɗan ruwa ya shiga jiki ya ɗumama shi, akwai kuma busasshiyar riga da ke hana ruwa shiga ko kaɗan, ana sanya kayan ɗumi a cikinta. A ruwan da ya gaza digiri goma, madaidaicin iska ma kan daskare ya riƙa zubar da iska, don haka akwai na musamman da aka ƙera domin irin wannan yanayi.

Gulaben Kebbi ba sa yin irin wannan sanyi, amma batun bai bar su ba. Ko a ruwa mai ɗan ɗumi, wanda ya daɗe yana shiga yana fita yana rasa ɗumi fiye da yadda jikinsa ke samarwa. A lokacin hunturu, masuncin da ya fito daga ruwa da asuba jiƙe, iska na kaɗa shi, ƙarfinsa na raguwa da kowane nutso. Wanda ya wuni yana neman waɗanda ruwa ya ci, babu rigar kariya babu wanda zai karɓe shi, yana iya zama gawa ta gaba.

Gidan kifi na ƙirar mutum

Kifi na son wurin fakewa. Duk wani abu mai ƙwari da ya zauna a ƙarƙashin ruwa, gansakuka da ƙananan halittu za su lulluɓe shi, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. A teku, duwatsu da murjani ne ke yin wannan aiki. Inda babu su, mutane na samar da madadinsu.

Japan ta daɗe tana zuba ginshiƙan kankare a gaɓar tekunta domin bunƙasa su. A 2004 Birtaniya ta nutsar da tsohon jirgin yaƙi HMS Scylla a gaɓar Cornwall. A 2006 Amurka ta nutsar da katafaren jirgin dakon jiragen sama USS Oriskany a kusa da Florida. Birnin New York ya ba da tsofaffin taragan jirgin ƙasa sama da 2,500 aka zuba a tekun Atlantika tsakanin 2001 da 2010. A gandun Porteau Cove da ke arewa da birnin Vancouver na Kanada, masu nutso na shiga ruwa mai tsananin sanyi daga bakin gaɓa su kewaya jiragen da aka nutsar. Kafin a nutsar da jirgi, ana kwashe mai da wayoyi da duk wani abu mai guba, a kuma yanka ƙofofi a jikinsa don kada wani ya maƙale.

An kuma yi kuskure. A shekarun 1970 an zuba tayoyin mota da aka ƙiyasta sun kai miliyan biyu a gaɓar Fort Lauderdale. Halittu ba su kama su sosai ba, ɗaurinsu ya tsinke, suka watsu suna lalata murjani na asali, aka shafe shekaru masu nutso na kwashe su.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. A tafkin Nokoué na Jamhuriyar Benin, masunta na kafa rassan itatuwa a cikin ruwa, abin da suke kira akaja, kifi ya taru ya yi ƙiba, daga baya a kewaye da taru a kama. Amfaninta a bayyane yake, haka ma rigimarta: tana cinye itatuwa, tana toshe hanyar jirage, tana haddasa saɓani kan wanda ya mallaki wane yanki na ruwa.

Masana na muhawara kan wata tambaya da ta shafi duk irin waɗannan wurare: shin suna ƙara yawan kifi ne, ko kuwa tara wanda ake da shi suke yi wuri guda ya yi sauƙin kamawa? Amsar ta dogara da doka. Inda aka kayyade lokacin su da girman idon taru, wurin kan zama mahayayyafa. Inda babu ƙa'ida, yana gaggauta ƙarewar kifi. Hana su a Matan Fada har sai lokacin biki misali ne na irin wannan ƙa'ida tun kafin zuwan hukumomin zamani.

Abin da ke ƙarƙashin tafkin Kainji

Mafi kusa da irin wannan gida na kifi a yankin Kebbi ba da niyya aka samar da shi ba. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130, wanda ya miƙe daga Jihar Neja zuwa Yauri. An tashi mutane sama da 40,000 daga matsugunansu. Tsohon garin Bussa, inda ɗan yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, ya koma ƙarƙashin ruwa, aka gina Sabon Bussa a madadinsa. Ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka da tsibirai duk ruwa ya rufe.

Itatuwan da aka bari a tsaye sun zama mafakar kifi, kuma sun zama tarko. Suna yaga taru, kuma idan ruwa ya ja baya kututtukansu na zama dab da saman ruwa, inda matuƙin kwale-kwale ba ya ganinsu, balle da dare.

Nutso a wannan tafki ya sha bamban da na teku mai garai-garai. Ruwa na cika shi sau biyu a shekara. Cikar farko, wadda masana ke kira farar ambaliya, tana zuwa a ƙarshen damina ɗauke da laka daga gulaben kusa irin su Rima da Zamfara, ta yadda mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan tsaunukan Gini ne da ke isowa da rani bayan ya zubar da lakarsa a hanya. Kusa da madatsar zurfin ya wuce iyakar nutson nishaɗi. Ga tsofaffin taruna da ke iya naɗe mutum, ga dorina da kada, ga cutar tsargiya.

Ranar da jirgi ya kife

A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin katako ɗauke da mutane sama da 150 ya tarwatse a kogin Neja kusa da garin Wara na ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan ne aka ceto da rai, kuma gawarwakin da aka tsamo a kwanakin da suka biyo baya sun haura 70. A ƙarshen Nuwamban shekarar, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Yunin 2023 sama da mutum ɗari da ke dawowa daga ɗaurin aure suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara. Dalilan da ake ambata kusan iri ɗaya ne kullum: lodi fiye da ƙima, tsufan jirgi, tafiyar dare, karo da kututture, da rashin rigar ceto.

A irin waɗannan ranaku, masunta da matuƙan yankin ne ke fara shiga ruwa da numfashinsu kaɗai. Dole hakan ta kasance, domin wanda ya nutse 'yan mintuna gare shi, kuma babu tawagar da za ta taso daga Birnin Kebbi ko Lokoja ta riske shi da rai. Wannan na nufin abubuwa biyu. Ceton rai yana hannun rigar ceto da mutanen da ke bakin ruwa. Masu nutso da tukunya kuma aikinsu shi ne abin da riƙe numfashi ba zai iya ba: gano kututtuka da yi musu alama ko yanke su, duba ƙofofin madatsun ruwa da ƙafafun gadoji, fito da gawarwaki daga zurfi domin iyalai su yi jana'iza, da bincika jirgin da ya nutse don a san musabbabin haɗarin.

Hukumomin da alhakin ke kansu

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da tsaftace hanyoyin ruwa, kuma tun 2023 tana ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Hukumar NEMA da takwararta ta jiha su ke da aikin agajin gaggawa. Akwai hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, wadda Kebbi ke cikin jihohinta. A Sabon Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, a Aliero kuma akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa a ruwa ta kashe kimanin mutum 300,000 a 2021, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara domin wayar da kai kan lamarin. Daga cikin matakan da hukumar ke ba da shawara akwai koya wa yara iyo, horar da jama'ar gari dabarun ceto da farfaɗo da numfashi, da tilasta bin dokokin sufurin ruwa.

Kebbi na da abin da wasu wurare ke nema da kuɗi, wato matasan da suka tashi cikin ruwa, ga kuma sarakunan ruwa da jama'a ke saurare. Abin da tawagar nutso ke buƙata sananne ne: horo mai shaida, tukwane da injin cika su, jirgi mai inji, oksijin na agajin farko, albashi da inshora. Mai son sanin matsayin jiharsa zai iya duba kasafin kuɗin shekara ya ga nawa aka ware wa ceto a ruwa da nawa aka saki, ya tambayi ɗan majalisarsa yawan ƙwararrun masu nutso da hukumar agajin jiha ke da su da inda aka ajiye su, sannan ya je mashigar ruwa mafi kusa da shi ranar kasuwa ya ƙirga fasinjojin da ke sanye da rigar ceto.